Folimar silikon mai rassa: wace hanya ce za ta yiwu a ɗakin gwaji nan Katsina?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema kan aikin digiri na biyu. So nake in haɗa folimar silikon mai rassa, in auna kaurinta da juriyarta ga zafi, in gwada ta da miƙaƙƙiya irin man silikon da aka saba. Hanyoyi biyu ke gabana. Ta farko dendirimar kabosilen, wato folima mai rassa a tsare da ake ginawa zagaye-zagaye, irin wadda van der Made da van Leeuwen suka fitar a 1992: a fara da silikon mai hannuwan alil huɗu, a ɗora mashi HSiCl3, a biyo da Grignard na alil (alil haɗe da magniziyam), a yi ta maimaitawa. Ta biyu folima mai rassa barkatai daga monoma guda, cikin filas ɗaya. Raina ya fi kwantawa da dendirima don tsarinta a fili yake. Kayan da ke akwai: IR (na'urar gano haɗe-haɗen ƙwaya da hasken infrared), rotari (na kore ruwan narkarwa), silindar naitirojin, da tanderu mai kaiwa digiri 1000. NMR, na'urar da ke nuna tsarin ƙwaya dalla-dalla, sai an aika samfuri wani gari.

Malamin Marusa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka duba kyan tsarin a takarda, duba inda HSiCl3 ke tafasa: digiri 32. Watan Afrilu da Mayu a Katsina zafi na haura 40 a inuwa. Ke nan kwalbar tana kan tebur amma abin da ke cikinta ya riga ya wuce matakin tafasa, kana kwance murfi zai feso. Ita (ether) ɗin da ake yin Grignard a cikinta ma a 35 take tafasa. Ruwan da ke zagaya kondensa kuwa daga tankin saman rufi yake saukowa, da la'asar da ɗuminshi, ba abin da zai maido maka. Ga shi HSiCl3 na kama wuta cikin sauƙi, yana taɓa danshi kuma ya saki hayaƙin HCl.

Sai lissafin rassan. Hannu 4 a farko, zagaye na ɗaya 12, na biyu 36, na uku 108. A ce kowane hannu yana kammala haɗi kashi 99 cikin 100, wanda aiki ne mai kyau ƙwarai. A matakin da hannu 36 za su haɗu, kusan kashi 70 na ƙwayoyin ne kawai za su fito ba naƙasa. A matakin 108, kashi 34. Mai naƙasa da marar naƙasa kuma girmansu kusan ɗaya, ba ka iya raba su. IR ba zai gaya maka hannu ɗaya cikin 36 ya ƙi haɗuwa ba. In NMR ba a kusa take ba, ka gina hawa na uku bisa tushen da ba ka duba ba.

Hajiya Durɓi:
Malam, na yarda da kai kan HSiCl3, amma kada a rufe ƙofar dendirima gaba ɗaya. In aka yi amfani da CH3SiHCl2 rassan biyu-biyu suke fita: 8, 16, 32. Cunkoso ya ragu, haɗin ya fi kammaluwa, tafasarshi kuma 41 ne, da ɗan dama-dama. Dalilin da ya sa nake kare ta shi ne tambayar yaron kan siffofi ce. Folima mai rassa barkatai gauraye ce, ƙanana da manya a kwano ɗaya. In kaurinta ya fito ƙasa, ta ina zai san rassa ne suka jawo ba tarin ƙananan ƙwayoyi ba?

Malamin Marusa:
Ranki ya daɗe, wannan tambaya ce ta gaske. Amsarta rabewa: a narka folimar a toluwin, a riƙa ɗiga metanol kaɗan-kaɗan, manyan ƙwayoyi su fara kwantawa, a kwashe, a ƙara. Kashi huɗu ko biyar sun isa a ja layin kauri da nauyi. Wannan aikin mako guda ne. Dendirima zagaye biyu kuwa matakai huɗu ne, kowanne da kulorosilen a fili.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Allah ya gafarta Malam, in na bi ta biyun, wace monoma? Na ga Mathias da Carothers a 1991 sun yi da mai alil ɗaya da Si–H uku.

Malamin Marusa:
Ita ce ta buɗe fagen a ɓangaren silikon, amma ba ita zan ba ka ba, dalilai biyu.

Na farko, zana ta a takarda ka ƙirga. Silikon na tsakiya, oksijin, silikon mai haidirojin, sai kabon uku na alil su komo kan na tsakiya. Zobe mai ƙwaya shida ke nan, wanda ya fi kowane zobe sauƙin rufuwa. Monomar sai ta ciji wutsiyarta, alil ɗin da za ta kama wata ƙwaya da shi ya ƙare a cikin gida. Shi ya sa nauyin folimar ke tsayawa ƙasa, musamman in an tsarma ta da ruwan narkarwa da yawa.

Na biyu shi ne bakin rassan. Flory ya nuna tun 1952 cewa monoma mai hannu A ɗaya da hannu B biyu ko fiye, A na kama B kaɗai, ba ta daskarewa, saboda komai girman ƙwaya A ɗaya tak ya rage mata, B kuma ba ya kama B. To amma in B ɗin Si–H ne, kuma fulatinom na nan cikin samfurin, danshi na shiga sai Si–H ya koma Si–OH yana sakin haidirojin, daga nan bakin wannan ƙwaya ya manne da na waccan. B ya kama B ke nan, sharaɗin Flory ya karye. Ruwa garai-garai da aka ajiye yau, bayan makonni sai a tarar ya kama kamar dafaffen ƙwai, murfin kwalbar ya kumbura.

Ka ɗauki metildayalilsilen, CH3SiH mai alil biyu. A nan Si–H ne guda ɗaya, shi ke ƙarewa, bakin rassa duk alil ne, suna zaune lafiya. In ta ce za ta ciji kanta kuma zobe mai ƙwaya huɗu zai fito, wanda matsatsi ya yi mashi yawa.

Yadda ake yi: nauyinta 126, don haka giram 10 kusan milimol 79 ne. Busasshen filas, a kore iska da naitirojin, a zuba monoma da hekzen ko toluwin busasshe daidai yawanta, kada ya fi. Katalis na Karstedt, wanda ake sayarwa da fulatinom kashi 2 cikin 100 a zailin, maikrolita 10 ya isa, wato tsakanin ppm 15 da 20. Kada ka ce ba ka ga komai ba ka ƙara. Yakan yi shiru na ɗan lokaci sannan ya tashi da zafi gaba ɗaya, don haka kwanon ƙanƙara ya kasance a gefe tun kafin ɗigon farko. Ka riƙa ɗibar ɗigo kana duba IR: layin Si–H na wajen 2100 zuwa 2150, ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai a wurin. Ranar da ya ɓace, an gama. Na alil a 1630 zai ragu kusan rabi amma ba zai ɓace ba, in ya ɓace to wani abu ya ci shi.

Baban Lab:
In ƙara kan na Malam ta ɓangaren kaya, don yawancin haɗin da ke ƙin tashi ba laifin monoma ba ne. Fulatinom ba ya shiri da salfa, amin, fosfin da kuza. Baƙar roba ko jar roba ta toshe filas da salfa ake dafa ta. Safar hannu ta latas haka. Filas da aka taɓa yin aikin amin a ciki, ko an wanke, kada a kawo shi. A ware gilasai na wannan aiki kaɗai, su kwana a oben a digiri 120, a haɗa su da zafinsu naitirojin na bi.

Launi ma na magana. Ruwan ya kamata ya zauna fari ko ɗan rawaya-rawaya. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, fulatinom ya dunƙule, aikinshi ya ƙare, kuma galibi alamar an zuba da yawa ce ko zafi ya wuce. Zafi mai yawa yana kuma matsar da haɗin biyu na alil zuwa ciki ya zama furofenil, wanda da ƙyar yake karɓar Si–H. Rassan nan sun mutu ke nan. Kada a wuce digiri 50 zuwa 60.

Ana gamawa a juya samfurin da gawayin tacewa na awa biyu, a tace ta ɗan gajeren silika, sannan a kai rotari.

Lokacin aiki: monomar kanta da Grignard ake yinta, daga CH3SiHCl2 da alil magniziyam. A shirya wannan matakin cikin hunturu, Disamba ko Janairu, iska a bushe, ɗaki da sanyi. A watan Agusta kwalbar kulorosilen ana buɗewa bakinta ke yin farin ɓawo. Abu guda da za a kiyaye da hunturu shi ne tartsatsin da busasshiyar iska ke tarawa a jiki da kaya, ga ita (ether) a buɗe. Grignard na alil kuma a ƙanƙara ake yinshi, ɗigo-ɗigo, magniziyam ya fi yawa, in ba haka ba alil biyu su haɗe da juna a yi asarar rabi.

Ɗan Daura:
Malamaina, ku ba ni dama in kawo hanya ta uku. Duk abin da aka lissafa daga waje ake sayo shi, fulatinom kuma ba araha ba. Alhali ga buntun shinkafa tuli a bayan kowane injin casa daga Daura har Funtuwa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntu toka ne, tokar kuma mafi yawanta silika. Daga nan ana samun sodiyam siliket, daga siliket kuma ana samun resin MQ ta hanyar Daudt da Tyler, wadda Dow Corning ta yi wa rajista a 1954. Ita ma folimar silikon ce mai rassa, kuma tana da kasuwa: gam na salatif mai jure zafi, maganin kumfa, har jan baki mai daɗewa.

Ga waɗanda ba su saba da haruffan ba: M silikon ne mai metil uku da hannu ɗaya, shi ke rufe baki. D mai hannu biyu, shi ke yin miƙaƙƙiyar sarƙa. T hannu uku, Q hannu huɗu, oksijin ta ko'ina. MQ dunƙulen Q ne da aka lulluɓe da M kafin ya girma ya zama yashi.

Buntun a tafasa shi a HCl mola 1 na awa ɗaya zuwa biyu don fitar da fotasiyam, a wanke, a shanya, a ƙona a digiri 600 zuwa 700 har tokar ta yi fari. In aka tsallake wankin asid, fotasiyam kan narke ya rufe gawayi a ciki, tokar ta fito baƙi-baƙi. In aka haura 800 zuwa 900 silikar ta fara komawa kirista, ta ƙi narkewa a soda. Giram 10 na farar toka da kusan giram 7 na NaOH a ruwa, a tafasa, a tace.

Wurin da ake faɗuwa shi ne zubawa. Siliket ake zubawa cikin asid mai sanyi, da sauri, ana juyawa da ƙarfi. Ba a zuba asid cikin siliket. Silika ta fi saurin daskarewa a tsakiyar ma'aunin pH, wajen 5 zuwa 7, ta fi jinkiri a wajen 2. In ka zuba asid a siliket, daga 12 kake gangarowa a hankali ta tsakiyar nan, filas zai kama kafin ka gama. In ka zuba siliket a asid, kowane ɗigo na faɗawa kai tsaye ƙasa da 2. Daga nan cikin minti ɗaya ko biyu a bi da aisofurofanol da abin da zai ba da M. Duk jinkirin da aka yi, Q na ci gaba da girma.

Malamin Marusa:
Ɗan Daura, hanyar zubawar da ka faɗa daidai ce, kuma tunanin buntu ya burge ni. Inda na tsaya shi ne suna. MQ ba itace ba ce mai rassa irin ta Flory. Cike take da zobba da keji, Q na kama Q ta kowace fuska, abin da ke hana ta daskarewa kawai shi ne yawan M. Q zalla, a lissafin Flory da Stockmayer, da kashi ɗaya cikin uku na hannuwa sun haɗu ta daskare. Don haka in ɗalibi ya rubuta "mai rassa barkatai" a kan MQ, mai jarrabawa zai tsayar da shi. Sannan M ɗin ma sayo shi za a yi, buntu Q kaɗai ke bayarwa.

Ɗan Daura:
Gaskiya ne Malam, sunanta resin. Amma heksametildaisilozen, mai ba da M ɗin, ya fi kulorosilen sauƙin ajiya nesa ba kusa ba, tafasarshi wajen 100, ba ya hayaƙi.

Hajiya Durɓi:
A nan ina bayan Ɗan Daura, da sharaɗi: a fara da TEOS (tetra'etoksisilen, mai ba da Q) a koyi hannu kafin a je ga buntu, don a san in abu ya ɓaci daga ina ne. Ga awo na M bisa Q 0.8. TEOS giram 20.8, wato mol 0.1. Heksametildaisilozen giram 6.5, mol 0.04, kowace ƙwaya na ba da M biyu. A fara zuba shi da etanol, ruwa kamar giram 8 da ɗan HCl mai ƙarfi, a ɗumama zuwa 50 ko 60 don asid ya fara tsinka shi. Sannan a ɗiga TEOS cikin awa guda, a riƙe a wajen 70 na awa biyu zuwa uku. A zuba toluwin, a raba, a wanke da ruwa har asid ya fita, a busar, a cire toluwin. In komai ya kammala giram 12.5 ake sa rai.

In aka juye TEOS gaba ɗaya, Q ya riga M, sai farin gari ko daskararre da ba ya narkewa a komai. In kondensa ba sanyi, M ke gudu tare da tururin etanol, awon da ka rubuta 0.8 a zahiri ya sauka, sakamakon ya zama ɗaya. Ƙasa da wajen 0.6 daskarewa na kusa. Sama da 1 kuma abu mai danƙo ko ruwa za ka samu maimakon gari. Samfurin zai fito da ragowar Si–OH, za ka gan shi da faɗi a IR wajen 3400, su ne ke sa shi ƙara nauyi a ajiye. Heksametildaisilazen kaɗan na rufe su, yana sakin amoniya, don haka a yi a akwatin zuƙe hayaƙi. In ana son tabbatar da awon ba NMR, a auna kabon: na 0.8 ya kamata ya ba da kusan kashi 23 cikin 100.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Na gode Hajiya. Saura aunawa. In na aika samfuri NMR me zan ce a yi mani? Kuma ma'aunin rassa, na ga lissafi iri biyu.

Hajiya Durɓi:
Ka fara kiyaye tarkon haruffa. A lissafin ma'aunin rassa D na nufin inda reshe ya rabu biyu cikakke, T bakin reshe, L inda hannu ɗaya kawai ya haɗu. Ba su ne D da T na silozen da Ɗan Daura ya bayyana ba. Na Hawker da Fréchet na 1991 shi ne D da T a raba da jimlar D, T da L. Na Frey na 1997 shi ne 2D a raba da 2D da L. A manyan ƙwayoyi kusan ɗaya suke bayarwa. A ƙanana na farkon na kumbura lamba, don yana ƙirga baki a matsayin reshe ko da ƙwayar miƙaƙƙiya ce. Tunda naka nauyinshi ba zai yi yawa ba, ɗauki na Frey. Monoma irin taka in an zuba gaba ɗaya 0.5 ake sa rai. In ana ɗiga ta sannu a kan cibiya, lissafi ya nuna tana iya kaiwa wajen 0.67. Dendirima cikakkiya 1.

Wajen NMR ka rubuta musu a takarda cewa na silikon 29 kake so, na ƙirge. Wannan nau'in kashi 4.7 ne kacal na silikon, kuma yana jinkirin komawa daidai, don haka a sa ɗan Cr(acac)3, a kashe tasirin NOE da ke canza girman layuka, samfurin ya yi kauri, a bar shi ya kwana. In ba a yi haka ba layukan za su fito amma girmansu ba abin dogaro ba ne. Na kabosilen ɗinka layuka uku za ka nema kusa da sifiri, silikon mai alil biyu, mai ɗaya, da marar ko ɗaya. Na MQ kuwa M na wajen +12, Q tsakanin −100 da −110. A daidai nan gilashin bututun NMR shi ma ke ba da nashi tudun, tunda shi ma Q ne. Ko a yi da bututun Teflon, ko a auna bututu marar samfuri a cire.

Malamin Marusa:
GPC, na'urar auna nauyin folima, ita ma da nata tarkon. Ƙwaya mai rassa a dunƙule take kamar curin fura, miƙaƙƙiya kuma a warware kamar zare. Na'urar girman da ƙwaya ta mamaye take gani, don haka in da folistairin aka daidaita ta, nauyin da za ta ba ka ya gaza na gaskiya. Ka rubuta shi a matsayin na kwatance. Man silikon da za ka gwada da shi kuma kada a auna shi a ruwan narkarwa na THF, don yadda suke karya haske kusan ɗaya ne, layin zai ɓace ko ya kife. A toluwin ake yi.

Hujjar rassa mafi araha tana hannunka: bututun auna kauri na Ubbelohde da kwanon ruwa mai tsayayyen zafi. Miƙaƙƙun folima lambar Mark da Houwink tasu (mai nuna yadda kauri ke ƙaruwa da nauyi) na tsakanin 0.5 da 0.8, masu rassa barkatai galibi ƙasa da 0.5. Dalilin shi ne dunƙulallun ƙwayoyi ba sa sarƙewa da juna. Wannan ne ke sa su gudana da sauƙi, shi ne kuma ke sa ba a samun zare ko fata mai ƙarfi daga gare su sai an ɗaure su.

Baban Lab:
Kwanon ruwan nan a saita shi a digiri 35 ko 40, ba 25 da ke cikin littattafai ba. Hita na iya riƙe ruwa sama da zafin ɗaki, amma ba ta iya sanyaya shi. Bambancin digiri ɗaya na canza lokacin gangarowa. A rubuta zafin da aka yi aiki da shi, a auna dukkan samfura a kanshi.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Tanderun fa? Akwai abin da zan iya nunawa da shi?

Malamin Marusa:
Akwai, in dai bututu ne da iskar kariya ke ratsawa. Man silikon miƙaƙƙe in ya wuce wajen digiri 400 ba oksijin, sarƙar na naɗewa tana yanke kanta zobba ƙanana, masu silikon uku da huɗu (D3 da D4), su tashi tururi, kwanon ya koma kusan wayam. Mai rassa da aka ɗaure ba ta da wannan hanyar gudu. Kabosilen na Interrante, wanda aka fitar a 1991 daga ClCH2SiCl3, saboda haka aka yi shi, nau'inshi mai alil na barin sama da kashi 70 na nauyinshi a matsayin silikon kabaid. Naka ba zai kai haka ba, kabon ya yi mashi yawa kuma ba shi da Si–H da zai ɗaure kanshi. Ka raba samfurin biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya ka ɗaure bakin alil ɗinshi da ɗan silozen mai Si–H, ka ƙona su tare da man silikon a gudu ɗaya, digiri 5 a minti. A iskar ɗaki kada ka yi, duka ukun farar silika za su bar maka.

Hajiya Durɓi:
Wajen ɗaurewar nan a yi lissafi tukuna. Silozen mai Si–H biyu da ƙwaya mai alil goma ko ashirin, kaɗan za a zuba ya kama. A gauraya a cikin kwanon da za a ƙona, ba a filas ba, in ba haka ba sai an fasa gilashi kafin a fitar. Wanda ba a ɗaure ba kuma a ajiye kaɗan a kwalba mai duhu, a duba IR da kaurinshi bayan wata ɗaya da bayan wata uku, a sa lambobin cikin rahoton.